Murya ta Arba'in da Bakwai

'Yankara, kwana tara bayan ƙaramar Salla

Zuwa ga Salahuddeen, ɗan ƙanena marigayi Salihu, a ofishin ƙungiyar manoma masu komawa gida, Ƙanƙara.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida iyalinka. Mu nan lafiya, sai zafi.

Bana shekara ta huɗu ke nan da aka yanke sabis ɗin waya aka rufe kasuwanni, shekarar da muka bar Marken Gide cikin yini ɗaya, dawa na tsaye a gona ta fitar da kai, ba wanda ya koma ya yanke ta. Na fara da wannan ne don kai lokacin kana Katsina wurin karatu, a rediyo ka ji. Yanzu an ce an yi sulhu, kowa zai koma kafin ruwa ya sauka. To a koma ina? Ciyawa ta cinye iyakoki, an sare itatuwa sai kututture, gambar da ke tsakanin gona da gona wuta ta lashe ta. Gona ɗari da arba'in, babu mai takarda ko guda. Ni ne takardarsu. Tun ina ɗan shekara goma sha biyu nike riƙe wa kakanka tukunya in za a raba gona, a cika ta da gawayi a binne a kusurwa, don gawayi ba shi ruɓewa, gara kuma ba ta cin shi. Da ya rasu ni na ci gaba da binnewa. Duk tukunyar da ke ƙarƙashin ƙasar Marken Gide, ko na riƙe ta ko na rufe ta.

Shi ya sa da ka zo kafin azumi da wayar ƙungiya, ka ce in faɗi iyakar kowace gona a naɗa, ban ƙi ba. Kwana goma sha ɗaya ina magana, ɗiyata Hajaratu tana dannawa tana tura maka, har muryata ta dushe. Ka ce kwamiti zai zauna biyar ga watan gobe, da mai unguwa da liman da wakilin hakimi, su saurara su nuna wa kowa gonarshi.

To ga abin da ya sa na sa a rubuta maka. Shekaranjiya na ce wa Hajaratu ta buɗe mani rumbun naku na muryoyi, akwai abin da nike so in ciro. Ta ce zubawa ake yi, a saurara, amma ba a cirewa. Na ce to ta buɗe mani na 'yan ƙauyenmu da suka yi gudu Sabuwa, in ji abin da suka faɗa. Ta ce daga wayarmu ba a ganin nasu, ɗaki ɗaya aka ba mu. Na ce wa ya yi wannan ginin? Ta ce kai.

Salahu, a ina ka taɓa ganin rumbun da mai hatsi zai zuba ya kasa ɗiba? Muryar nan daga bakina ta fito ko daga naka? Ka kulle ni a ɗaki kamar akuyar da ta saba cin shuka, ka rataye mabuɗi a wuya kana yawo cikin Ƙanƙara da takalmi sau-ciki. Hajaratu ta ce in cire zancen takalmi. Na ce ta rubuta.

Ka aiko mani da babban mabuɗin, wanda ke buɗe ko'ina. Ka ba direban da ya kawo maka wannan. Kada ka kira ni a waya, ba ni ɗauka. Maganar waya iska ce, gobe mutum ya ce bai faɗa ba. Ka rubuta.

Ka huta lafiya.
Babanka, Malam Yahuza

Ƙanƙara, 13 ga Shawwal

Zuwa ga Baba Malam Yahuza, 'Yankara.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata Baba yana cikin ƙoshin lafiya, da Yaya Hajaratu da yara. Takardarka ta iso, na karanta duka.

Bari in yi bayanin ginin, tunda ni na yi shi. A ofishinmu akwai babbar ma'ajiya guda ɗaya wadda duk kwamfutocinmu ke haɗe da ita. A cikinta na ware folda uku don mutanen Marken Gide: ta waɗanda ke ƙasar Faskari, inda kuke, ta waɗanda ke Sabuwa, da ta waɗanda ke nan Ƙanƙara. Kowane rukuni na buɗe masa akawun da kalmar sirrinsa. Wanda ya shiga da akawun ɗinku, a foldarku zai tsinci kansa, kuma ba shi da hanyar leƙa ta wasu. Abu biyu aka yarje masa: ya ajiye, ya saurari abin da ya ajiye. Ba ya gogewa, ba ya canza suna, ba ya ɗora sabuwa a kan tsohuwa. Ba kai kaɗai aka yi wa haka ba. Liman ma da yake nan Ƙanƙara haka nasu yake, kuma bai rubuto mini takarda ba.

Ba don raini na yi ba. Bara an yi irin wannan aikin a wani ƙauye da ba zan kama sunansa ba, aka ajiye muryoyin a inda kowa ke shiga ya fita. Wani ya share shaidar maƙwabcinsa, ranar rabo aka nema aka rasa, aka tashi da adduna. Ba na son a yi haka a kan gonakin da ubana ke kwance kusa da su.

Zancen raba ɗakuna kuwa, a wurinka na koya. Ina yaro na sha bin ka rabon gona. Ba ka taɓa barin shaidu biyu su tsaya wuri ɗaya ba. Ka kai ɗaya bayan kuka ka tambaye shi, ka bar ɗaya a bakin hanya, don kada wannan ya ji na wancan ya gyara nasa. Abin da na yi ke nan, illa dai kukar tawa tana cikin kwamfuta.

Babban mabuɗin yana hannuna, gaskiya ne, kuma ba zan aiko da shi ba. Ranar da aka ji na buɗe wa babana ya taɓa murya ɗaya, sauran duka sun zama banza, har da naka ɗari da talatin da tara. In akwai gyara, hanya ɗaya ce: ka naɗi sabuwa, ta zauna kusa da tsohuwa da kwanan watanta, kwamiti su ji duka biyun.

Wacce kake so ka cire, Baba? Me ya same ta?

Takalmin kuma na roba ne, irin naka. Ofis ɗin ba ya biyan na sau-ciki.

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.
Ɗanka, Salahuddeen Salihu

'Yankara, safiyar kasuwa

Salahuddeen.

Sallama wajibi ce, to assalamu alaikum.

An karanta mani takardarka sau biyu, na biyun don in tabbata daga jinin gidanmu ta fito. Ni za ka koya wa raba shaidu? Ni shaida ne? Shaida shi ne wanda ake gwada maganarshi da ta wani. Ni ba a gwada tawa. Shekara hamsin da ɗoriya ba a taɓa tona tukunya a kan maganata ba, ka tambayi duk wanda ya girme ka. In ba a faɗa maka a makaranta ba, tona tukunya ƙaryata mai binnewa ne. Ba a yi mani ba ko sau ɗaya. Har shekarar da Gide da ƙanenshi suka kai juna gaban alƙali a Faskari, alƙali ya ce a kira Yahuza, na zo na faɗa, aka naɗe tabarma.

Ka ce in naɗi sabuwa ta zauna kusa da tsohuwa. Wato in zauna gaban mai unguwa da liman, a kunna ni ina cewa gabas, a sake kunna ni ina cewa yamma, mata na dariya a bayan zana. Abin da kake so ke nan. Karatunka duk inda ya kai ka ke nan.

Ka tambaye ni wacce nike so in cire. Ba ruwanka. Ranar sunanka ubanka na kwance da zazzaɓi, ni na jawo rago a ƙasa tun daga Faskari, igiya ta yanke mani tafin hannu. Ban tsaya tambayarshi dalili ba. Ya ce yana so, na yi.

Tunda ba ka ba ni mabuɗi, akwai masu sanin waya a 'Yankara. Ba kai kaɗai Allah ya ba ba.

Ka gaida matarka, ita ba ta yi mani komi ba.
Malam Yahuza

Ƙanƙara, 19 ga Shawwal

Zuwa ga Baba Malam Yahuza.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa.

Akawun ɗinku a rufe yake. Shi ya rufe kansa, ni dai ban sake buɗewa ba.

Akwai abin da ban faɗa ba a takardar farko, don ban zaci za a kai nan ba. Ƙofar nan tana rubuta duk wanda ya shiga, da lokacin da ya shiga, da abin da ya taɓa. Ranar kasuwa, tsakanin azahar da la'asar, an yi ƙoƙarin goge fayil guda sau goma sha ɗaya. An gwada canza masa suna sau uku. An gwada tsallakawa daga foldarku zuwa ta Sabuwa sau shida, a na shidan ƙofa ta datse. Na kira Yaya Hajaratu. Ta ce ka karɓe wayar ka kai wa Mas'udu mai gyaran waya a bakin tasha, ka tilasta mata ta faɗi kalmar sirri, kai kuma ka maimaita ta da ƙarfi don Mas'udu ya ji, da duk wanda ke kan bencinsa. Kalmar sirri, Baba. Sunanta ma ya isa.

Fayil ɗin da aka yi ta dukan nan, na arba'in da bakwai ne. Na saurare shi. Iyakar gonarka ta fadama ce da ta ƙanwarka, Gwaggo Zulai. A ciki ka ce, "Tukunya tana gindin aduwa, taku uku gabas, in ka ba rafi baya." In haka ne, rijiya da kwarin shinkafa duk sun faɗo ɓangarenka.

Ba zan faɗa maka abin da Gwaggo ta naɗa a Damari ta ƙasar Sabuwa ba, don ba huruminka ba ne, kamar yadda ita ma ban faɗa mata naka ba. Amma ni ba yaro ba ne. Mutum ya faɗi iyakar da ta ba shi rijiya. Sai ya ji ƙanwarsa ma an kai mata waya ta yi magana. Sai ya tashi haiƙan yana so ya ji nata, ya kuma share nasa kafin kowa ya ji. Baba, da wani ne ya yi haka a gabanka, wane suna za ka ba shi?

Ina bin ka gona ina alfahari. Ko a makaranta in an ce wa ya fi kowa gaskiya a garinku, sunanka nake kamawa.

Abu na ƙarshe. Sirrin da na tsare maka, kai ka fasa shi. Mas'udu ya kunna muryar sau biyu a lasifikarsa don ya tabbatar ita ce, kuma masu sayen masara 'yan Damari suna wurin.

Wassalam.
Salahuddeen

Damari, 21 ga wata

Zuwa ga Yaya Yahuza.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa don uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ba don ka ci gaisuwar ba.

Da hannuna nike rubuta wannan. Ajin yaƙi da jahilcin nan da ka ce zaman gulma ne, yau ga ranarshi. Babu wata ɗiya kusa da ni da za ta ce in cire wani abu.

Masu sayen masara sun dawo daga 'Yankara da muryarka a bakinsu. Har gida suka biyo ni, wai jaje. Aduwa, Yaya? Aduwa?

Shekarar da motoci suka koma hannun dama Baba ya raba fadama da ranshi. Ni na kai maku fura gona. Kai ka riƙe tukunya. Ya cika ta da gawayi da hannunshi, ya binne gindin kanya, ya miƙe ya shafe hannu a jikin kanyar, yatsu biyar baƙi ƙirin, har ruwa ya sauka ana ganinsu. Ya ce, "Rijiya ta Zulai ce, mace ba ta jan ruwa daga nesa. Yahuza, ka ji?" Ka ce ka ji. Aduwar da kake faɗa tana tsakiyar gonata, taku arba'in daga kanya, jikinta nike ɗaure akuya. Ko akuyar ta san gonar wa take.

Ka san halin da nike ciki, ba sai na tona maka ba, amma zan tona tunda kai ka fara. Maigidana Malam ya rasu cikin gudun nan. Ɗana Shamsu an kashe shi a hanyar gona ya bar mani 'ya'ya biyar. Shekara huɗu muna ɗaki ɗaya a gidan surukai, in za a dafa nama sai an jira mu fita. Kwarin shinkafar nan shi nike kallo in na rufe ido. Na faɗa wa yaran akwai rijiya, ruwanta sanyi, tasu ce. Kai da 'ya'ya maza huɗu da gonar tudu biyu, rijiyar marayu ce ta tsone maka ido?

Da wani ne ya faɗa, da na ce a kira Yaya Yahuza. To yanzu wa zan ce a kira?

Allah ya yi wa Salahu albarka da ya gina abin da ba ka iya sa hannu ciki. Da ka share, ka ji nawa, ka dawo da wata mai santsi.

Ka janye kafin biyar ga wata. In ba ka janye ba, wallahi ranar kwamiti zan miƙe gaban maza in ce a tona. Ka san abin da ke nan. Ni ma na sani, kuma ba zan ji kunya ba, kai ka kai mu.

Ƙanwarka, ko ka so ko ka ƙi,
Zulaihatu

'Yankara, 23 ga wata in ji Hajaratu

Salahuddeen.

Sallama.

An karanta mani taka, an karanta mani ta gwaggonka. To madalla, kun kama ɓarawo. Ƙarya na yi. Rijiyar na gani na so. Sunan da kake tambaya wanda zan ba mai yin haka, ka ba ni shi, na karɓa.

Ka buɗe ƙofar taka in naɗa da bakina: ni Yahuza na yi kwaɗayin gonar ƙanwata, tukunya tana gindin kanya, na tuba. Ku aje ta kusa da ta farko ku kunna wa duk wanda kuka ga dama, har da Mas'udu da lasifikarshi. Zulai ta ɗauki rijiyarta. Ba sai an tona komi ba, kuma kada wanda ya sake tambayata komi.

In ka ga tawada ta jiƙe, Hajaratu ce ke kuka a kan takarda, ba ni ba.

Yahuza

Ƙanƙara, 27 ga Shawwal

Zuwa ga Baba Malam Yahuza.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida Baba. Na jinkirta amsa don wani aiki da na sa kaina.

Da takardarka ta zo, na ce tunda an sami ƙarya ɗaya, sai in duba ko da wasu kafin in kai wa kwamiti. Kwana uku ina sauraren muryarka, tun daga ta ɗaya. Da na zo ta goma sha biyu sai na tsayar. Gonar Gide ce ta tudu. Ka ce, "Tukunya tana gindin aduwa, taku uku gabas, in ka ba rafi baya." Na koma ta arba'in da bakwai. Ita ce, ba ragi ba ƙari.

Baba, babu rafi a gonarku ta fadama. Rijiya ce. Rafi a gonar Gide yake. Wanda ya shirya cin rijiya ba ya kawo rafin da kowa ya san babu shi. Na duba lokaci, ta arba'in da bakwai ita ce ta ƙarshe a ranar, dab da magariba, bayan ka yi goma sha huɗu a jere ba ka sha ruwa ba. Na tambayi Yaya Hajaratu, ta ce tun ranar da ka sa ta sake kunna maka ita ba ka gama tuwo a kwano ba.

Ba ƙarya ka yi ba. Tukunyar Gide ce ta faɗo maka a gonar Gwaggo.

Na kira ka da sunan da ba naka ba. Wannan laifina ne, ina neman gafara. Mabuɗin dai har yanzu ba zan bayar ba.

Na buɗe akawun ɗin. Sabuwar kalmar sirri tana wurin Yaya Hajaratu ita kaɗai, kuma na roƙe ta kada ta faɗa maka. Ba zan hana ka naɗar abin da ka ga dama ba, ƙofar ba ta san gaskiya ba, ba ta san ƙarya ba. Amma ka tuna yadda na gina ta: abin da ya shiga ba ya fita. In ka ce kai ɓarawo ne, haka zai zauna, jikokinka su ji, jikokin Gwaggo su ji. Ranar da ka yi nadama ka ce in share, amsar da na ba ka a kan ta farko ita zan sake ba ka.

Allah ya ƙara haƙuri.
Ɗanka, Salahuddeen

'Yankara, 29 ga wata

Salahuddeen.

Na amsa sallamarka. Gafarar kuma ka riƙe abarka tukuna.

Wa ya aike ka? Wa ya ce ka zauna kwana uku kana tonon bakina? Na ba ku ɓarawo, ku karɓa ku tafi, ka ƙi.

Tunda karatunka bai kai nan ba, bari in faɗa maka. Ɓarawo ya san gaskiya, ɓoye ta ya yi. Gonarshi kaɗai yake ja, in ya tuba an gama, maganarshi a kan gonar wasu tana nan daram. Amma a ce Yahuza ya manta? Gobe duk mai ƙarfi zai tashi ya ce to ai nawa ma mantawa ya yi. Marayun Gide ba su da kowa sai bakina. Hajiya Baraka makauniya ce, ba ta iya nuna ko kututture ɗaya, ta ce ita dai abin da Malam Yahuza ya faɗa. Irinsu sun fi talatin. Kana ganin don rawanina nike neman mabuɗi? To har da rawanin, ba zan ɓoye ba. Amma ba shi kaɗai ba.

Yanzu faɗa mani, kai mai kwamfuta. Ƙofarka da ke rubuta komi, ta rubuta maka guda nawa ne irin ta arba'in da bakwai? Ba ka sani ba. Ni ma ban sani ba. Abin da ya hana ni tuwo ke nan, ba rijiya ba.

Da ka bar ni ɓarawo, yaron nan.

Ban faɗa maka abin da zan yi ba, kuma kada ka tambaya.
Yahuza

'Yankara, ɗaya ga wata

Zulai.

Assalamu alaikum. Ya yara?

Kanya ce. Ba kwaɗayi ba ne, ba ƙarya ba ce. Mantawa na yi. Hajaratu ta ɗaga biro tana kallona, na ce ta rubuta. Bayan Salla na ga tana hura gawayi ta shafe hannu a bango, sai na ga hannun Baba, na ce ta kunna mani abin da na faɗa.

Kada ki miƙe gaban maza ki ce a tona. Ba bakinki ne zai faɗi wannan ba, ba ki kai ba.

Ki ce wa Salahu ban yafe mashi ba tukuna. Ki kuma ce mashi kada ya ba kowa mabuɗin nan, ko ni na sake tambaya.

Na aika wa mai unguwa da liman. Gobe in Allah ya kai mu, da na sallame asuba zan bi motar farko zuwa Marken Gide, dagi a kafaɗata, wayar ƙungiya a hannun Hajaratu. Zan fara da kututturen kanya, in tona da hannuna kowa na gani, in faɗa cikin wayar abin da na faɗa maki, ta tura shi ɗakin da ba a sharewa. Daga nan in wuce gonar Gide, daga ita sai ta Hajiya Baraka, sai ta gaba, har inda ƙarfina ya kai kafin ruwa.

Ki zo da fura, tunda ke ce mai kawowa. Kada ki makara, ba zan jira ki ba.

Yayanki, Yahuza